Kurakuran da masu koyon muhawara suka ƙi dainawa: a ɗauko hujja a baro tushenta

Na gaji da ganin abu ɗaya yana ta maimaituwa, shi ya sa na ce bari dai in zauna in rubuta ko Allah zai sa wani ya amfana. Kullum sai an samu sabbin matasa masu kaifin ƙwaƙwalwa, sun yi karatu, bakinsu ya iya magana, wasu ma sun haddace sunayen kurakuran mantiƙi tas, amma da an zauna gardama ta ilimi sai kaga sun zurma ramin da na gabansu suka zurma. Mutum zai ɗauko hujja mai kyau, wadda babu ƙarya ko ɗaya a cikinta, ya danƙara wa abokin gardamarsa, abokin ko gezau, shi kuma ya tashi rai a ɓace yana cewa wai wancan ba ya son gaskiya. Ƙannena, ba haka abin yake ba, kuma wasu daga cikin abubuwan da zan faɗa muku sai da na ji a jikina kafin na gane su.

Abin da ba a koya muku da wuri shi ne hujja ba ta tsayuwa da ƙafarta. Kowace hujja a zaune take kan wasu abubuwa da mai kawo ta ya riga ya yarda da su tun kafin ya buɗe baki: me ma ake kira dalili, maganar wa ake karɓa, wane irin tabbaci ne ya isa, in abu biyu masu kyau suka ci karo wanne ake gabatarwa. Waɗannan ba a faɗarsu a fili, kowa ɗauka yake ai sanannen abu ne. Hujja kamar takardar kuɗi ce, a ƙasar da ta buga ta kowa zai karɓa hannu bibbiyu, ka tsallaka iyaka da ita a ce maka sai ka canzo, alhali ba jabu ba ce, lambarta da hotonta duk suna nan yadda suke.

To babban kuskure, wanda na fi gani kuma na fi tsana, shi ne ka ɗauko hujja daga cikin tsarin tunaninka ka kai wa wanda bai yarda da tushen tsarin ba, in bai sallama ba ka ce masa mai taurin kai.

Mu fara da inda ba zafin rai. Kowa ya koya a makaranta cewa kusurwoyi uku na alwatika in ka haɗa su digiri 180 ne. Wannan ba ra'ayin wani ba ne, an tabbatar da shi mataki bayan mataki tun a littafin Yuklid, masanin lissafi na Girka, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Amma ɗauki duniyar nan da muke kanta, ka fara daga can ƙuryar arewa ka sauko miƙe har layin ikwaita, ka juya ka bi layin har ka ci rubu'in zagayen duniya, ka sake juyawa ka miƙe arewa ka koma inda ka fito. Ka zana alwatika kenan mai kusurwa uku kowace digiri 90, jimla 270. To Yuklid ƙarya ya yi? Ko kusa. Hujjarsa a kan shimfiɗaɗɗen fili take, kuma a jingine take da ƙa'idarsa ta biyar, wadda ta shafi layukan da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sa haɗuwa. Ƙarni da ƙarni manyan masana suna ta fama su fitar da wannan ƙa'ida ta biyar daga cikin sauran huɗun, Ibnul Haisam ya gwada, Umar Khayyam ya gwada, Nasiruddin Ɗusi ya gwada, wani malamin coci ɗan Italiya mai suna Saccheri ya fitar da littafi guda a kai a 1733, duk ba wanda ya dace. Sai a 1829 Lobachevsky a Rasha, da Bolyai ɗan Hangari a 1832, kowa ta hanyarsa ya nuna za a iya ajiye ƙa'idar a ɗauki wata a gina lissafi cikakke wanda ba tufka da warwara a cikinsa, kuma a nasu lissafin jimlar kusurwoyin ba ta kai 180. To in a lissafi ma, inda muke ganin ba gardama, sakamako yana bin tushen da aka ɗora shi a kai, ina ga maganar adalci da siyasa da tarbiyya?

Masu karatun fiƙihu kuma ga naku. Akwai hadisin da ya ce mai saye da mai sayarwa kowa yana da zaɓin fasa ciniki matuƙar ba su rabu ba. Imam Malik da kansa ya kawo shi a Muwaɗɗa, daga Nafi'u daga Ibn Umar, isnadin da ba mai tababa a kansa, amma bai yi aiki da zahirinsa ba, ya nuna cewa a wurinsu abin ba shi da wata iyaka sananniya kuma ba a kansa aiki yake gudana ba. Almajirinsa Imam Shafi'i kuwa ya yi aiki da shi. Yanzu sai kaga yaro ya je ya tare Bamalike ya ce masa ga hadisi ingantacce ka ƙi bi. Haba malam, ai ba daga bakinka ya fara jin hadisin ba, limaminsa ne ya ruwaito shi. Saɓanin yana can ƙasa, a usulu: shin aikin mutanen Madina da suka gada 'ya'ya daga iyaye hujja ne da zai iya rinjayar ruwayar ɗaiɗaikun mutane, ko kuwa a'a? Malik na ganin shi ma wannan aikin ruwaya ce, ta jama'a daga jama'a. Shafi'i bai yarda ba, kuma ya yi rubutu a kai. In gardama kake so, can za ka sauka ka yi ta. Maimaita hadisin sau ɗari da ɗaga murya ba zai matsar da kowa ko taku ɗaya ba.

Ni wannan kuskuren aboki ya cinye min, shi ya sa in na ga wani zai yi shi raina ke tashi. Akwai wani bawan Allah da ya girme ni, Yaya nake kiransa ko da yake ba ciki ɗaya muka fito ba, shi ya fara koya min yadda ake karanta littafi da alƙalami a hannu. Gardama ta haɗa mu kan hukuncin kisa ga wanda ya yi kisan kai. Ni a lokacin duk tunanina a kan sakamako yake, shin hukuncin yana rage kashe-kashe ko ba ya ragewa, na tara rahotanni da alƙaluma, na riƙe tsohuwar hujjar Beccaria, masanin shari'a ɗan Italiya, ta 1764 cewa tabbacin za a kama mai laifi a hukunta shi ya fi tsananin hukuncin tsoratarwa. Duk abin da na kawo sai ya ce min, to na ji, amma fa ba nan maganar take ba. Ni kuma na ɗauka zillewa yake yi. A gaban mutane na ce masa girman kai ne kawai ya hana shi yarda ƙaninsa ya fi shi gaskiya. Bai tanka min ba, kuma zumuncinmu bai sake komawa yadda yake ba.

Can daga baya ina karanta Kant, masanin falsafa Bajamushe, na ci karo da inda yake cewa ko da jama'ar wani tsibiri sun yanke shawarar watsewa kowa ya kama gabansa, sai an fara zartar da hukunci kan mai kisa na ƙarshe da ke kurkuku sannan a watse. Ka duba fa, a nan ba sauran al'ummar da za a tsoratar, ba wanda za a kare, amma shi yana ganin haƙƙin jinin yana nan bai faɗi ba. Wannan shi ne abin da Yaya yake ta faɗa min da nasa harshen, a wurinsa hukunci biyan haƙƙi ne, ko ya rage laifi ko bai rage ba. Alƙaluman da na sha wahalar tarawa amsa ce ta tambayar da bai taɓa yi ba. Da na gane haka da tambayar da zan yi masa daban ce: Yaya, in haƙƙi ne tushenka, ya za ka yi da haƙƙin marar laifin da kotu ta kashe bisa kuskure, wanda ba mai iya dawo da shi? Wannan kam da ta shige shi, don daga cikin tsarinsa ta fito, dole ya tsaya ya yi tunani. Har yau ban ce ya fi ni gaskiya a kan hukuncin ba, amma a kan cewa ba nan maganar take ba shi ke da gaskiya, kuma na ci mutuncinsa a banza.

Tun daga nan na ɗora wa kaina abu biyu, ban ce kowa ya yarda da su ba, ni dai su ke min aiki. Kafin in kawo hujja ko ɗaya sai na tambayi mutum, me zan nuna maka wanda in ka gan shi za ka sauya ra'ayi? Amsarsa ita ke faɗa min tsarin da yake ciki. In ya ce nuna min alƙaluma na san inda zan nufa, in ya ce nuna min nassi na sani, in ya ce nuna min cewa ba a tauye haƙƙin kowa ba shi ma na sani, in kuwa ya ce ba abin da zai sauya ni to sai in gode masa mu shiga wata hirar. Na biyu kuma ba na mayar da martani sai na maimaita masa hujjarsa da bakina har ya ce e haka nake nufi, ba wai kusan haka ba, sai ya ce haka ne. Sau da yawa a nan wurin ne ake gano ashe tun ɗazu abu biyu daban-daban muke magana a kai. Wasu abokaina na cewa wannan ɓata lokaci ne, kuma yana ba abokin hamayya damar gyara maganarsa. E yana ba shi, kuma haka nake so, me zan yi da kayar da maganar da mutum bai faɗa ba?

Sai kuskure na biyu, wannan na masu ɗan karatun kimiyya ne, su ma suna ƙona min rai ba kaɗan ba. Sun ji an ce ilimi na ƙwarai shi ne wanda gwaji zai iya ƙaryata shi, shi kenan sai su ɗauka da an samu abu ɗaya da bai dace da nazariyya (wato bayanin da masana suka gina kan yadda abu ke gudana) ba nazariyyar ta mutu, duk wanda ya ci gaba da riƙe ta son zuciya ne. Ba haka ake yi ba, kuma bai ma kamata a yi haka ba. Gwaji ba ya gwada magana ɗaya tilo, tarin maganganu yake gwadawa a dunƙule: ita nazariyyar, da lafiyar na'urar awo, da daidaiton lissafi, da zaton cewa ba wani abu a gefe da aka manta ba a lissafa da shi ba. In sakamako ya saɓa, iyakar abin da ka sani akwai ɓaraka a wani wuri, amma bai nuna maka ina ba. Wani masani Bafaranshe, Pierre Duhem, ya yi bayanin wannan tun 1906.

An gano duniyar Yuranus a 1781, da aka yi shekaru ana bibiyarta sai masu duban sararin sama suka lura ba ta bin hanyar da lissafin Niyuton ya ce ta bi. Da irin masu gaggawar nan ne da tuni sun ce Niyuton ya faɗi. Le Verrier a Faransa ya riƙe Niyuton gam, ruwa dai ba ya tsami banza, sai ya ɗauka akwai wata duniyar a can baya da ke janta, ya zauna ya lissafa inda ya kamata a same ta, ya aika wa wani mai duban sararin sama, Galle, takarda a Berlin, a daren 23 ga Satumba 1846 aka saita madubin hangen nesa aka gan ta, tsakaninta da inda ya nuna bai kai digiri ɗaya ba. Neftun kenan. To ga inda ya kamata ku tsaya ku yi tunani, shi dai wannan Le Verrier ɗin a 1859 ya ga duniyar Makyuri ita ma tana ɗan kaucewa, ya sake ɗauko dabarar da ta ba shi nasara, cewa akwai wani abu tsakaninta da rana da ke janta, har suna aka raɗa wa duniyar da ake zato, Vulcan. Aka yi shekara da shekaru ana nema, babu ita babu dalilinta. Wannan karon ita nazariyyar ce da kanta ke buƙatar gyara, sai a 1915 Ainstain ya fito da tasa ta bayyana kaucewar ba tare da wata ɓoyayyiyar duniya ba. Mutum ɗaya, salon hujja ɗaya, nan ya dace can bai dace ba, kuma ba yadda za a yi ka gane wanne ne wanne daga kallon hujjar ita kaɗai.

Ko a zamaninmu, a Satumban 2011 masu wani gwaji suka sanar cewa wasu ƙananan ƙwayoyi da ba su kai ƙwayar zarra ba, masu suna niyutirino, da aka harba daga cibiyar CERN kusa da Janiba zuwa Gran Sasso a Italiya, tafiyar kilomita wajen 730, sun riga haske isa da kaso 60 cikin biliyan ɗaya na daƙiƙa. Jaridu suka ɗauka ko'ina. Galibin masana suka ce a dakata a duba kayan aiki, su kansu masu gwajin ma abin da suka roƙa kenan, a taya su dubawa. A farkon 2012 aka gano wata wayar haske ce ba ta ɗauru da kyau ba. Waɗanda suka ƙi gaskata sakamakon ba taurin kai suka yi ba, aunawa suka yi, gefe guda ga gwaje-gwajen sama da shekara ɗari da suka goyi bayan nazariyyar Ainstain cewa ba abin da ke wuce haske gudu, gefe guda ga awo ɗaya tal.

Ni abin da nake yi in aka kawo min abin da ya saɓa wa abin da na yarda da shi, ina rubuta shi in ajiye, ba na watsar da shi kuma ba na watsar da komai nawa saboda shi. Abin da nake sa wa ido shi ne irin uzurin da ake ba nazariyyar. Akwai uzurin da ke cewa je ka duba wuri kaza za ka ga abu kaza, irin na Neftun, wannan uzuri ne mai mutunci don in ƙarya ne za a kama shi. Akwai kuma wanda aikinsa kawai rufe bakin mai tambaya, ba ya nuna wani sabon abu da za a je a duba. In irin na biyun suka fara yawa a tsari, ko tsarin nawa ne, to na san lokacin zargin tushen ya yi.

Ƙanin wannan kuskuren shi ne raina mutanen da. Yaro zai zauna yana dariya wai ya aka yi Aristotal da waɗanda suka biyo bayansa suka yi ƙarni da ƙarni suna cewa ƙasa a tsaye take rana ke zagaya ta. To zauna ka amsa hujjarsu da kayan aikin zamaninsu mu gani. Sun ce in ƙasa na gudu, dutsen da aka saki daga kan hasumiya ya kamata ya faɗi can baya, ga shi kuwa a gindinta yake faɗuwa. Sun ce in muna zagaya rana ya kamata taurari su riƙa ɗan sauya mazauni tsakanin wata shida da wata shida, ga shi ba a gani. Tycho Brahe, wanda a zamaninsa ba wanda ya kai shi iya awon sama, ya duba bai gani ba, ya ƙi yarda ƙasa na motsi. Hujjar hasumiya ba ta faɗi ba sai da Galileyo ya sauya yadda ake fahimtar motsi gaba ɗaya, ya kawo misalin jirgin ruwa a littafinsa na 1632, cewa ai dutsen yana ɗauke da gudun abin da aka sake shi daga kai. Sauyin mazaunin taurari kuwa yana nan, ƙanƙanta ya yi saboda tsananin nisa, sai a 1838 Bessel ya iya auna shi. Muna cewa gani ya kori ji, to amma ido rana yake gani tana fitowa tana faɗuwa, abin da ke cikin kanka ne ke gaya maka me ka gani.

Yanzu ga wanda ya fi duka ɓata min rai, don na masu wayo ne. Mutum ya fahimci duk abin da na faɗa a sama, maimakon ya tsaya sai ya zarce, ya ce to ai shi kenan, kowa da tsarinsa kowa da gaskiyarsa, ba wanda zai ce wa wani ya yi kuskure. Wallahi wannan lalaci ne, ku daina. Cewa hujja na dogara da tsari bai taɓa nufin duk tsare-tsare ɗaya suke ba.

A 1847 a babban asibitin Biyana, babban birnin Ostiriya, likita Semmelweis ya lura matan da ke haihuwa a ɓangaren da likitoci da ɗalibansu ke karɓar haihuwa suna mutuwa da zazzaɓin bayan haihuwa fiye da na ɓangaren ungozoma nesa ba kusa ba, ya kuma lura likitocin daga ɗakin fiɗar gawa suke wucewa wurin masu naƙuda. Ya sa dokar wanke hannu da ruwan kulorin, mace-macen da suka kai kashi 18 cikin ɗari a watan Afrilu suka sauko kusan kashi 2 cikin 'yan watanni. Manyan likitoci da yawa suka ƙi karɓa, kuma a cikin tsarinsu suna da abin faɗa, a lokacin ana ganin cuta daga gurɓatacciyar iska take zuwa ko daga rikicewar ruwayen jiki, kowane majinyaci da nasa dalilin, ba gurbin da za a sa maganar cewa wani abu da ido ba ya gani a hannun likita shi ke kisa. Ya rasu a 1865 maganarsa ba ta karɓu ba, sai da aikin Pasteur da Lister kan ƙwayoyin cuta ya kafu sannan aka gane abin da ya gani. Tsarin ya nuna mana dalilin da ya sa suka ƙi, amma bai wanke su ba, matan nan sun mutu da gaske, kuma tsari ɗaya ya fi ɗayan gaskiya. Ba wanda zai iya duban idon marayun da suka bari ya ce musu kowa da gaskiyarsa.

Ana auna tsari da tsari, wahala gare shi kawai shi ya sa ake gudunsa. Za ka iya shiga cikin tsarin mutum ka nemo inda ƙa'idojinsa suke tufka da warwara. Za ka iya tambayar me tsarin ya taɓa faɗa zai faru kafin ya faru, kuma ya faru ɗin. Sannan ba mutum biyu a duniya da ba su haɗu a komai ba, likitocin Biyana da Semmelweis duk sun yarda mutuwar mai jego musiba ce, duk sun yarda da ƙirga, to daga nan ake farawa, ka yi ta sauka ƙasa har ka taka inda kuka haɗu sannan ku fara hawowa tare. Shi kuma mai cewa kowa da gaskiyarsa, ai ita wannan maganar tasa so yake mu karɓe ta a matsayin gaskiyar kowa, kuma ranar da aka zaftare masa albashi ba zai yarda a ce masa a tsarin mai biya lissafin daidai yake ba.

Ban ce kullum za a cimma matsaya ba. Wani lokaci za ku sauka har ƙasa ku tarar kun rabu a abin da zama ɗaya ba zai warware ba, to sai ku ce ga inda muka rabu, kowa ya tafi ya san takamaimai abin da zai je ya yi tunani a kai, wannan ma ba ƙaramar riba ba ce. Kuma kar ka sa ran mutum ya bar tsarinsa a gabanka nan take. Priestley, wanda ya ware iskar oksijin a 1774, har ya rasu a 1804 yana riƙe da tsohuwar nazariyyar ƙonewa ta filojistan, wani sinadari da ake zaton yana fita daga abu in yana ƙonewa, wadda Lavoisier ya rushe da taimakon abin da shi Priestley ɗin ya gano. In mutum irin wannan bai iya fita ba, kai me ya sa kake tsammanin abokinka zai fita kafin ku tashi daga zama?

Sauran ƙanana ne, ba sai na ja su ba. Akwai cakuɗa mizanin wani fage da na wani: a Amurka kotu ta wanke shahararren ɗan wasa O.J. Simpson daga laifin kisan mutum biyu a 1995, a 1997 kuma a shari'ar diyya aka ɗora masa alhakin mutuwar mutum biyun aka ce ya biya dala miliyan 33.5, kuma ba cin karo tsakaninsu, ta farko tabbacin da ya kore shakka take nema, ta biyu rinjayen hujja ya ishe ta, don haka ka tambayi wane mizani ake aiki da shi kafin ka fara ihu. Akwai sauya mizani a tsakiyar gardama, jiya ka karɓi majiya don ta goya maka baya yau ka ce ba abin dogaro ba ce, wanda ya maimaita min wannan ba na sake zama da shi. Akwai tsinko jimla ɗaya daga littafin malami ba ka san ƙa'idojin da ya gina ta a kai ba, don Allah karanta babin gaba ɗaya, in da hali har da muƙaddimar littafin. Akwai matsa wa abokin hamayya sai ya tabbatar da tushensa tun daga farko, kai kuma naka ka ce ai wannan hankali ne kawai, alhali abin da kake kira hankali kawai sau da yawa tsarin da ka taso a ciki ne ba ka taɓa ganinsa daga waje ba. Akwai laƙaba wa mutum tsari don ka ji sunan ƙungiyarsa ko mazhabarsa, tambaye shi da bakinsa. Akwai kuma tonon tushe inda ba a buƙata, ana maganar ko a ɗage taro zuwa gobe wani ya fara tambayar wai me ake nufi da sani, in kun haɗu a tushe ku yi gardamar reshen ku tashi.

Sai ɗaya da ke kama waɗanda suka fara ƙwarewa. Ka koyi shiga tsarin mutum ka kama shi da ƙa'idojinsa, abin da malaman munazara ke kira ilzami, to madalla, amma ka faɗa masa a fili cewa ni ban yarda da wannan tushen ba, bisa naka nake magana. Na sha ganin wanda zai yi ta jawo nassi ko alƙaluman da shi kansa bai yarda da su ba yana nuna kamar nasa ne, ranar da abokin ya gano sai ya watsar da shi ya watsar da hujjar gaba ɗaya, ko da kuwa hujjar mai kyau ce, kuma in ya sake zuwa da wata ba za a saurare shi ba.